Yadda Ake Ƙalubalantar Takardar Tara Idan Ka Bugi Motar Da Ke Tsaye

Kowane direba a Najeriya ya haddace maganar nan: wanda ya bugi motar da ke tsaye shi ne da laifi, ko da mai ita a tsakiyar kwalta ya kafe ta. Tun kafin ka buɗe ƙofa ɗan acaɓa ya riga ya yanke maka hukunci, 'yan kallo sun sa hannu. Shi ya sa da jami'i ya miƙo takardar tara sai mutum ya karɓa jiki a sanyaye, washegari ya je ya biya. Na daɗe ina rubuta wa direbobin tasharmu takardun koke, ina raka su ofisoshin jami'an hanya da kotun majistare, kuma abin da na gani shi ne yawancin waɗanda suka faɗi tun a bakin hanya suka faɗi, cikin minti ashirin na farko, kafin ma a ciro biro. Ni ma a nan na faɗi, zan zo kan labarin.

Amma bari mu fara tace mutane. In da rana tsaka ne, motar tana ajiye a inda ya dace, kai kuma kana duba waya ko kana ja da baya ba ka waiwaya ba, to rufe shafin nan, je ka biya, ka gyara wa bawan Allah motarsa. Shure-shure ba ya hana mutuwa. Haka kuma in an ji wa mutum rauni ko an rasa rai, maganar ta wuce takardar tara, lauya za ka nema a daren. Rubutun nan na wanda ya yi karo da tifa ko tirela da ta mutu a kan hanya cikin dare ba fitila ba alama, ko motar da aka ajiye a bayan kwana, ko kan gada, ko a bakin mahaɗa, sannan aka rubuta masa tuƙin ganganci.

Na farko: kada a motsa komai sai ka ɗauki hoto

Wata damina ina dawowa daga ɗaurin aure bayan isha'i, ana yayyafi. Wata tifa ta mutu a bayan kwana, rabin jikinta a kan kwalta. Motar da ke tahowa ta dalle ni da fitila, kafin idona ya dawo daidai sai ga bodin tifa a gabana. Na taka birki, na kauce hagu, amma gefen dama na motata ya shige ƙarƙashinta. Allah Ya kiyaye, ni kaɗai ne a ciki.

Jama'a suka taru, kowa na cewa a tura ta gefe kada wata ta zo ta hau. Gaskiyarsu ce, kuma don alheri suka faɗa. Aka tura. Ina tsaye ina karɓar sannu, ban lura ba ashe yaron tifar ya shiga daji ya karyo ganye ya jera a bayanta, har da ɗora dutse. Da jami'ai suka iso, abin da suka tarar shi ne tifa da ganyenta a jere, da motata can gefe ta ragargaje. Da gari ya waye janwe ya zo ya ja tifar. Da na buɗe wayata don neman hujja, hoto shida na samu, duka na bambar motata ne daga kusa. Hoto shida da ke tabbatar da abin da ba wanda ya musa, wato na buge ta.

Kusan duk direban da ya kawo min ƙara, irin hotunan nan ne a wayarsa. Zuciya kan ɓarnar take, sai hannu ya bi ta. Alƙali kuwa ba ɓarnar yake son gani ba, so yake ya ga abin da idonka ya gani kafin karon.

Ga yadda ake yi. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka kafa taka alamar mai kusurwa uku, wadda direbobi ke kira sikoshan, ka fitar da fasinjoji can nesa da kwalta. Ka sa mutum ɗaya yana kaɗa tocila. Sannan ka koma baya ta inda ka fito, kamar taku ɗari, ka kunna bidiyo, ka riƙe wayar daidai tsayin idon direban da ke zaune, ka taho a hankali har ka iso. Ka faɗi rana da lokaci da sunan wurin da bakinka a cikin bidiyon. Duka wannan bai kai minti uku ba.

Kuma ka kashe filas. Wannan ita ce dokar da na fi nanatawa. Filas yana haska bayan tirela tas, ya sa lambarta da duk wani ɗan ƙyalli da ke jikinta su yi fau kamar rana, sai hotonka ya koma shaida a kanka: ai ga ta nan ana ganin ta sarai. Hotunan nesa a ɗauke su da duhun da ke wurin. Sai ka matso kusa ne za ka kunna shi, don ɗaukar lambar motar, da fitilun bayanta in sun mutu ko sun fashe tun da, da inda ya kamata a ce akwai tef ɗin nan ja da fari mai ƙyalli amma babu, ko laka ta rufe shi.

Hoton da ya fi kowanne daraja shi ne na tayoyinta da gefen kwalta a tare, yadda za a ga iya shigowarta cikin hanya. In akwai farin layi a gefe, ya fito. Ka ajiye takalminka ko robar ruwa kusa da tayar don a gane tazara. Ka ɗauki sawun birkinka tun daga inda ya fara, da inda gilashi ya zube, domin tarkace ba ya ƙarya game da inda aka haɗu. Ka ɗauki kwalta a bayan motar yadda za a ga ba ganye ba sikoshan. In daga baya aka jera ganye, ka sake ɗauka, lokacin da ke jikin hotunan biyu zai yi magana. Ganyen da aka karyo yanzu ma ɗanye ne shar, ba ya kama da wanda ya wuni a rana motoci na taka shi.

Sai bayan wannan za a tura motarka. Kafin a tura, ka zana inda tayoyinta huɗu suke da gawayi ko farin dutse.

Shaidu kuma, bar 'yan kallo, gobe ba za ka ga ko ɗaya ba. Nemi wanda wurin ne wurin cin abincinsa: mai shayi, mai faci, maigadin gidan mai. Shi ne zai iya cewa tifar nan tun shekaranjiya take nan, kuma jiya ma saura kaɗan wata bas ta hau ta. Karɓi lambarsa, ka kira a gabansa don ka tabbata ta shiga. Ka tambaye shi kai tsaye: "Baba, in ta kai ga ofis za ka iya zuwa ka faɗi abin da ka faɗa min?" Da yawa za su ce a'a, gara ka sani tun yanzu.

Hotunan su zauna a wayar da ta ɗauke su. Wanda ya tura wa ƙaninsa ta WhatsApp ya goge nasa don wuri ya cika, ya rage musu kyau, ya kuma zubar da bayanin rana da lokacin da ke ɓoye a cikinsu. In za ka tura, tura su a matsayin fayil.

Na biyu: bakinka

A daren nan da jami'in ya tambaye ni, cewa na yi: "Yallaɓai, wallahi ban gan ta ba, a yi haƙuri." Tarbiyya ce, haka aka koya mana. A takarda kuwa sai ta zama direba ya amsa cewa ba ya duban gabansa. Baki shi ke yanka wuya. Ban da hoto, ga amsa laifi da bakina, sai na biya.

Ka jajanta wa mai motar, ka yi masa sannu, wannan ba ya cikin shari'a. Amma in an zo rubutu, faɗi abin da ya faru dalla-dalla, ka bar hukunci ga masu shi. "Motar tana kan kwalta bayan kwana, ba fitila, ba alama. Wata mota ta haske ni. Fitilata ta kama ta ina kusa, na taka birki na kauce." Shi ke nan. Kada ka yi kirdadon gudu, in ba ka duba allo ba kada ka ƙirƙiri lamba. Kada ka ce ka gaji, ko tun asuba kake hanya, don neman tausayi. Kuma kada ka yi ƙarya, in birkinka na da matsala jami'in VIO, mai duba lafiyar motoci, zai gano ta in ya gwada motar, daga nan ba wanda zai sake yarda da ko kalma ɗaya taka.

In a caji ofis ne, kana iya rubuta bayaninka da hannunka da Hausa. In wani ya rubuta maka da Turanci, a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu, layi bayan layi, ko da ransa zai ɓaci. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, jihohi ma sun yi irin tasu, Kano ta yi tata a 2019. Zanen wurin haɗari da 'yan sandan sashen motoci ke yi, shi ma ka duba shi da kyau. In ba a nuna iya shigowar motar cikin hanya ba, ka ce: "Ofisa, don Allah a auna nan ma." A nan gawayin nan zai yi maka rana.

Abu ɗaya da ba ya gyaruwa shi ne gudu. Ka goge motar mutum a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci ba ya nan, sai ka duba hagu da dama ka ja. Akwai wanda ya riƙe lambarka, kullum akwai. A jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, rashin kai rahoton haɗari laifi ne mai zaman kansa, tararsa naira 20,000. Ka jira mai motar, ko ka kai kanka caji ofis mafi kusa. In ka ga taro ya fara zafi, can ɗin za ka nufa kai tsaye. Lambar gaggawa ta hukumar ita ce 122, kyauta ce.

Na uku: karanta takardar kamar takardar gado

Karɓi takardar. Ƙin karɓa ba ya soke ta, rigima kawai yake ƙarawa. Ni nakan ce wa direbobinmu su rubuta "na karɓa" da kwanan wata kusa da sa hannunsu. Ka ɗauki hotonta gaba da baya nan take, domin takardar da ta kwana biyu a aljihun direba ta zama tsumma.

Fara da sanin wa ya ba ka. FRSC ta tarayya ce, tun 1988 take, tana aiki da dokarta ta 2007. KAROTA hukumar kula da hanya ce ta Jihar Kano, KASTLEA ta Kaduna, kowacce da dokarta da ofishinta. 'Yan sanda kuwa galibi kotu suke kai mutum. Na ga wanda ya yi kwana uku yana zarya da kokensa a ofishin da ba su suka rubuta shi ba.

Sai laifin da aka yi wa alama. A nan shari'ar take. Ba za ka je ka ce ba ka bugi motar ba, kowa ya ga ka buga. Abin da kake musu a kai shi ne sunan da aka sa wa bugun. A takardar FRSC tuƙin ganganci, mai alamar DGD, tararsa naira 50,000 ce da maki 10 a kan lasisinka, alhali wuce ƙa'idar gudu ko rashin sikoshan 'yan dubbai ne. Ganganci magana ce a kan yadda ka yi tuƙi, kuma wanda ya rubuta ta shi zai kawo hujjarta. In bayan karon ya iso, daga ina ya ga tuƙin naka?

Ka tambaya cikin ladabi ko an rubuta wa ɗaya motar tata takardar, ta tare hanya ko ta rashin alamar gargaɗi, duka biyun suna cikin jadawalin. In an rubuta, hukumar da kanta ta yarda motar ba a daidai take ba. Sai dai kada ka ɗauka laifinsa ya wanke naka. Amfaninsa a gare ka shi ne ya nuna cewa direba mai hankali ma, a wannan duhun, a wannan kwanar, da ƙyar zai tsira.

Kuskuren harafi a sunanka ba ya kai ka ko'ina, kada ka ɓata bakinka a kai. Kuskuren wuri ko lokaci kuwa riƙe shi, musamman in an rubuta ƙarfe shida alhali ƙarfe tara ta wuce, domin tsakanin shida da tara akwai rana. In an haɗa maka da laifin lasisi kuma lasisin naka ya mutu da gaske, wannan 10,000 ce, biya ta daban, kada ka cakuɗa mai gaskiya da mara gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar hanya biyu take ba ka: ka biya magana ta mutu, ko ka je kotu. Biya na nufin ka haƙura da shari'a. Kada wani ya ce maka biya tukuna daga baya ka yi ƙorafi a maido maka, ban taɓa ganin wanda aka maido wa ba. Wa'adin yana rubuce a jikinta kuma gajere ne, ka ƙirga shi daga ranar.

A nan sai ka zauna da lissafi. In motar haya ce kuma an tsare ta, kullum kana asarar balas, ga kuɗin ajiya na hawa, ga mai mota na kira. Tarar dubu uku ba ta cancanci wuni ɗaya a kotu ba, kuɗin mota da abinci ma sun cinye ta. Dubu hamsin da maki goma kuwa, ga kuma mai tirela na jiran ka biya don ya ce ai ka amsa laifi sai ka gyara masa, wannan ta isa a tsaya mata. In ka zaɓi biya, ta banki ko Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ka riƙe rasit. Wanda ya ce kawo rabi a hannu a kashe magana, kuɗinka ya tafi, takardar kuma tana nan a rubuce.

Na huɗu: takardar koke

Kafin kotu, gwada ofis. Shafi ɗaya, zuwa ga kwamandan ofishin da ya ba da takardar. Lambar takardar, lambar motarka, rana, lokaci, wuri. Abin da ya faru cikin layi biyar ko shida. Sai roƙonka a fili: a soke laifin tuƙin ganganci, in ba haka ba a kai maganar gaban kotu. Ka wanke hoto huɗu ko biyar manya ka liƙa, ka rubuta a ƙasan kowanne abin da yake nunawa. Kada ka zagi jami'in, kada ka ba da labarin 'ya'yanka nawa, kada ka ambaci wanda ka sani a sama.

Kwafi biyu za ka kai, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Koken da ba hatimi, gobe za a ce ba a gan shi ba. Je da safe, da kanka, da kaya masu tsabta, ka bar tawagar 'yan tasha a waje. Kuma idonka na kan wa'adi, kada ka zauna jiran amsa har ya wuce. In saura kwana biyu shiru, koma ka ce kana son ranar kotu.

Na biyar: kotu

Ko ta tafi-da-gidanka ce ko ta majistare, za a karanta maka tuhuma a tambaye ka. Amsar ita ce "ban aikata ba". Kada ka ce "na aikata amma", daga "na aikata" alƙali ya gama rubutu. Za a iya ɗage zama a ba da beli, saboda haka je da wanda zai tsaya maka da katin shaidarsa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar, ya kuma ba ka tafinta kyauta in ba ka jin harshen da ake shari'ar da shi. Nemi tafinta ko kana ɗan jin Turanci, na kotu daban ne da na tasha.

Hotunan waya ba a miƙa su haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da ta ɗauke su da yadda aka fitar da su, da sa hannunka. Ko ba za ka ɗauki lauya don shari'ar duka ba, biya ɗaya ya rubuta maka wannan, kuɗinta kaɗan ne. Je da wayar, da caji.

In aka ba ka damar yi wa jami'in tambaya, gajeru: Ƙarfe nawa ka iso? Ka ga tuƙina da idonka? Ka tarar da sikoshan a bayan motar? Ka auna shigowarta cikin hanya? Akwai fitilar titi a wurin? Ya amsa, ka yi shiru, ka wuce ta gaba. Jawabi na lokacinka ne, kuma alƙali za ka fuskanta da "ya mai shari'a". In ka yi nasara, nemi kwafin hukuncin mai hatimi wajen rajistara, da shi za ka karɓo lasisinka ko motarka. In ka faɗi, ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, amma a kan tarar hanya ban taɓa ba kowa shawarar haka ba.

Gyaran ɗaya motar kuma magana ce daban da takardar, kada nasara a nan ta sa ka ɗauka ta mutu. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun daga Janairun 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, in ta gaske ce ba wadda aka buga maka a ƙarƙashin bishiya ba. Ana duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a gani. Sanar da kamfanin tun washegarin karon, kuma kada ka sa hannu a kan alkawarin gyara kafin ka ji daga gare su. In kun zaɓi sulhu tsakaninku, ku je wajen fanalbita tare, a yi kuɗi a gabanku, a rubuta cewa wannan shi ne duka, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa.